Guɗar Rabi a Lasifikar Dama

Ku yaran nan da kuke wucewa ta ƙofar shagona a Agege da waya a hannu, kuna leƙowa kuna cewa wai mene ne abin wahala a sayar da tsohuwar lasifika, ku samu wuri ku zauna. Ni ce Hajiya Dije, wadda Yarabawan layinmu suke kira Mama Sifika. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta a bango sai an nuna mini, wannan ma faɗa nake yi ana rubutawa. Amma na fi shekara talatin ina haɗa lasifika da amfilifaya, wanda mu a sana'a inji muke ce masa, kuma daga nan har Iyana Ipaja babu wanda ya taɓa dawo mini da kaya ya ce haɗina ya ƙone a ɗakinsa.

Aikina na farko a gidan wani mahauci ne, bayan mayanka. Mijina, marigayi Malam Audu, gyaran rediyo yake yi, yana kuma ba da hayar lasifika a wurin biki. Aka ɗauke shi aikin kamun amarya, ya tura kayansa a kura har ƙofar gida, maigidan ya ce namiji ba zai taka tsakar gidansa ba ko da annabcin kiɗa aka ba shi. Malam ya dawo ya ce, "Dije, ɗauko mayafinki." A zauren mutane ya koya mini abin da zai koya: jar waya a jan baki, baƙa a baƙi, a sauke ƙara har ƙasa kafin a kunna, inji shi ne na ƙarshen kunnawa, shi ne na farkon kashewa. Na shiga ni kaɗai cikin mata sun fi ɗari. Kiɗa ya tashi. Daga ranar duk gidan da ba a shiga, ni ake aika wa.

Kayan aikina har yau ba su cika jakar hannu ba. Batirin tocila ɗaya, guntuwar waya, sukundireba, da ƙarfen dalma. In an ajiye mini lasifika, sai in taɓa batir a bakin wayarta. Mai rai za ta ce ƙwas, farantinta ya zabura gaba. Sai in sa yatsu uku in danna farantin a hankali, in na ji yana gogar wani abu kamar tsakuwa a cikin shinkafa, to an taɓa ƙona ta, ko mai ita ya rantse da kabarin ubansa. In murza soson da ke gefen farantin, in ya marmashe a yatsana, na san shekarunta. In ƙwanƙwasa akwatin kamar mai sayen kankana. In sa hanci a ramin iska, don ƙuna ba ya ɓoyuwa, ko bayan shekara biyar yana nan. Shi kuwa inji, ɗaga shi ake yi. Malam yakan ce injin kirki sai ka yi bismillah kafin ka raba shi da ƙasa, don nauyinsa na taransifoma ne, kuma a nan ƙarfin yake.

Ga abin da ba ku sani ba, kuma yawancin masu shago ma ba su sani ba. Kowa tsoron babban inji yake yi, wai zai fasa lasifika. Ƙaramin ne makashi. Ka haɗa ƙaramin inji da babbar lasifika mai cin wuta, ka ji sauti bai isa ba, ka yi ta murɗa ƙara. Shi ba zai ce maka ya gaji ba, ƙara zai koma yi mai kaushi, kamar yaron da aka ɗora wa kayan da ya fi wuyansa. Wannan kaushin kuwa ba ya zuwa ko'ina sai wurin tuwita, wato ɗan ƙaramin bakin nan na sama da ke fitar da siririn sauti. Wayar da ke cikinta ba ta kai gashin kai kauri ba. Ƙiftawar ido ta tafi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Rabi ta zo wurina tana da shekara ashirin da 'yan kai, 'yar maƙwabciyata ce, ta gama sakandare tana zaune. Uwarta ta ce in riƙe ta ko ɗaukar waya ta riƙa yi mini. Shekara takwas muna tare. Ni na koya mata batir, ni na koya mata yatsu uku, ni na sa hancinta a ramin lasifika har ta iya bambanta warin ƙuna da warin ɓera. Ba zan rage mata ba, tana da hannu. Tana kuma da wani abu: guɗa. A wani biki a Agege, da aka fito da amarya, Rabi ta toshe hanci ta rangaɗa guɗar da sai da masu kalangu suka waiwayo. Rikodata tana kunne a lokacin. Kaset ɗin nan shi ya zama ma'aunina. Akwai ganga a ciki, ita ke gwada mini ƙasan lasifika. Akwai kalangu, shi ke gwada tsakiya. Sai guɗar Rabi a ƙarshe, ita ke gwada tuwita. Lasifikar kirki za ta fito da guɗar nan har ka ji inda numfashinta ya karye. Da kaset ya tsufa aka juye mini shi a memori, har gobe da shi nake sayen kaya.

Shekarar da ta karya mu ita ce shekarar da lasifika mai taya ta cika gari, irin wadda ake ja kamar akwatin tafiya, da batirinta a ciki da fitilu masu walƙiya. Kowace uwar biki ta sayi tata. Wata huɗu ba a aiko mini ko suna ba. Manyan akwatunan hayata suna jingine a shago, damina ta shigo ta ƙasan ƙofa ta kumbura guda uku, na sayar da sauran wa wani coci a Iyana Ipaja a kuɗin katako. A nan na juya. Na ce tunda tsakar gida ta ƙi ni, bari in shiga falo. Alhazan mayanka da dillalan fata sun fara gina manyan falo, suna son abin da za su ji karatu da tsofaffin waƙoƙi da shi, ba abin da zai tashi unguwa ba. Na koma sayen tokumbo, tsofaffin lasifikun gidajen Turawa masu tsada, ina nemo wa kowacce injin da ya dace da ita.

A shekarar ce kuma Rabi ta ce za ta buɗe nata. Na sa mata albarka, Allah ne shaida. Sai dai ba a yi wata shida ba na fara jin abin da ake faɗa. Wai Rabi tana karanta bayan lasifika. Wai tana duba sunanta a waya ta gaya maka shekarar da aka ƙera ta da ƙasar da aka yi ta. Wai ita ba ta shinshina kaya kamar mai sayen daddawa. Mutanen da na haɗa wa falo da hannuna suka fara aika 'ya'yansu wurinta. Mutum ya yi shekara takwas yana cin tuwonka, in ya tashi ai sai ya nuna wa duniya yana da cokali.

To, ranar kwantena. A kasuwar Alaba da ke Ojo akwai wani Oga Emeka da nake sayen kaya a wurinsa tun yana da rabin shago. Ya aiko cewa kaya sun iso. Na bi motar haya ta danfo tun da sassafe, na isa Ojo rana ta ɗaga. Ga al'adar wurin sauke kaya, ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta: abin da aka sauko da shi, wanda ya fara ɗora masa hannu shi ke da ciniki, har sai ya ɗauke hannunsa da kansa. Ka ɗauke ko don sosa ƙeya, wani ya ɗora, ya zama nasa.

Aka sauko da wata lasifika a naɗe cikin bargo. Gefen bargon ya zame na ga katakon, ja mai duhu kamar goron da aka tauna, tsayinta ya kai ƙirjina. Ƙarti biyu ne suka sauke ta suna nishi. Kafin ta taɓa ƙasa hannuna yana kanta. Na ƙwanƙwasa da ɗaya hannun, kamar na ƙwanƙwasa dutse. A duk shekaruna ban taɓa taɓa irinta ba. Na tsaya ina jiran 'yar'uwarta, don irin waɗannan biyu-biyu suke zuwa kamar takalmi, ta hagu da ta dama. Ashe ita tana can ƙuryar kwantena bayan firji. Dillalai huɗu suna kewaye da ni kamar ungulu, ba halin in matsa. Sai da aka yi kusan rabin awa aka fito da ita ta ɗaya gefen, taku goma daga inda nake. Ina gani wani hannu mai lalle ya sauka a kanta.

"Inna, ina kwana," in ji Rabi.

"Lafiya lau. Ɗauke hannunki, wannan ƙanwar tawa ce."

"Inna, ai ni ma sai in ce taki yayar tawa ce."

"Ke da kika zo yanzu?"

"Tun asuba nake nan. Ke kika koya mini a tsaya ta gefen inuwa, nan suke sauke masu nauyi."

Ni na koya mata kuwa. Ta sunkuya, hannunta bai bar katakon ba, ta karanta ɗan ƙarfen da ke baya. Ta ce a Ingila aka yi su, kuma om huɗu ne, wato masu cin wuta. Dillalan nan suka juya suna kallonta kamar ta sauko da wahayi. Ni da na san haka tun daga nishin ƙartin da suka sauke ta, babu wanda ya kalle ni.

Na kira Emeka na ce ya raba mu. Ya yi dariya, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Mama, ni kaya nake sayarwa. Faɗan uwa da 'ya, wannan ba ni ciki." Ya sayar mini da ta hagu, ya sayar mata da ta dama, kowacce a kuɗin da ya kusa na biyun. Ranar ya ci kaza.

Wata bakwai ta hagu tana shagona a rufe da zane, ta dama tana shagonta. Lasifika ɗaya ba ta sayuwa, wa zai sayi takalmi ƙafa ɗaya? Na aika a tambaye ta nawa za ta sayar, ta aiko a tambaye ni nawa zan sayar. A cikin watannin nan na nemo musu inji. Sau biyar ina zuwa Alaba kafin na same shi, wani baƙi, tsoho, fentinsa duk ya goge, ba fitila ba ado, sai mutum biyu suke ɗaga shi. Yana da baki biyu, zai ɗauki ta hagu da ta dama yana hamma.

Sai labari ya kai kunnen Alhaji Sule, babban dillalin fata, mutumin da in ya sayi abu abokansa goma sai sun sayi irinsa. Ya aiko mana mu biyu: mu kawo lasifikun falonsa ranar Asabar bayan La'asar, a haɗa ya ji. In sun yi masa zai saya duka, mu raba kuɗin, ya kuma sayi injin da ya fi dacewa da su. Kun ga an zo wurin. Lasifika dai rabi nawa rabi nata. Amma wadda aka ɗauki injinta, ita ce mai kunne a Agege, kuma falon abokan Alhaji nata ne.

Muka haɗu a barandar gidan muna jiran a yi mana iso. Injinta yana cikin kwali, sabo fil, fari kamar azurfa, da shuɗin fitilu a gaba da manyan lambobi a goshi. Alhaji ya leƙo, ya ce mini, "Mama Sifika, sannu da zuwa." Ya juya wurinta ya ce, "A'a, Injiniya, an iso? Bari a gyara muku wuri." Ya koma ciki.

Injiniya. Shekara talatin ina wannan aiki, falon ƙaninsa ma ni na haɗa.

Rabi ta matso ta rage murya. "Inna, don Allah ɗan ɗaga mini wannan ki ji. Lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta lasifikun, na duba sau uku. Na zamani ba su da nauyi, haka ake yin su yanzu. Amma dai ɗaga ki ji."

Gaskiya ne akwai na zamani marasa nauyi masu kyau, na taɓa su. Na ɗaga wannan da hannu ɗaya, ni tsohuwa. Na karkata shi wajen haske na leƙa ta ramukan iska. Taransifomar da ke ciki ba ta fi akwatin ashana biyu ba, sauran duk fili ne, ɓera zai yi sukuwa a ciki. Lambar goshi kuwa, fenti ba ya tsada.

Na ajiye shi. Na ce, "Ai ke ce mai karatu. Me takarda ta ce?"

"Ta ce ya isa."

"To."

Ta kalli baƙin injina. Ta ce, "Ko mu fara haɗa su duka a naki, Inna, in ya so daga baya a gwada nawa?"

Na ce, "Kowa ya shayar da tasa. Alhaji ya ji da kunnensa."

Haka aka yi. Ta hagu a injina, ta dama a nata, waya ɗaya ta raba musu sauti. Alhaji ya zauna a tsakiya da abokansa uku, aka kawo lemo. Na ba da memorina aka sa. Ganga ta fara. Ban kai ƙarata ko kashi ɗaya cikin huɗu ba, amma labulen falon sai da ya motsa, kofin da ke kan tebur ya ɗan yi rawa. Wani daga cikin abokan ya ce, "Ikon Allah, kamar makaɗin yana bayan kujera." Alhaji ya karkata kai ya ce, "Injiniya, ta wajenki ba na jin ta sosai. Ƙara mata."

Ta ƙara. Kalangu ya shigo.

"Ƙara dai."

Ta kai rabi, ta wuce. Ni na riga na fara jin kaushin, can ƙasa-ƙasa, kamar ana yaga sabon yadi a wani ɗaki. Su ba su ji ba. Rabi ta ji, don na ga wuyanta ya ƙage, ni na koya wa kunnen nan. Ta waiwayo ta dube ni. Na san abin da ke tafe a memorin nan, na san daƙiƙar da zai zo, na yi shekaru ina jin sa. Taku uku ne tsakanina da maɓallinta. Na ɗauki lemona na kurɓa.

"Kai ta ƙarshe mana, mu ji iyakarta," in ji Alhaji.

Ta kai ƙarshe. Aka fito da amarya, guɗa ta tashi. Daga hagu ta fito tsaf, siririya, doguwa, har inda numfashi ya karye. Daga dama ta faro tare da ita, ta yi wani ɗan tsit, sai ta koma kamar mai guɗa an rufe ta a ɗaka an sa sakata. Ganga tana nan, kalangu yana nan, sama ta tafi. Kafin a kashe, warin ya iso hancina.

Alhaji ya ce, "Me ya faru?"

Rabi ta durƙusa ta sa hanci a tuwitar, yadda na koya mata. Ta miƙe ta ce, "Ta ƙone, ranka ya daɗe. Injina ne ya yi mata kaɗan." Ba ta sake duban inda nake ba.

Alhaji ya ce shi ba ya sayen gyara. Ya sayi injina dai, a kuɗi mai kyau, daga baya na haɗa masa shi da wasu lasifikun da ba su kai waɗannan ba. Abokansa biyu ma ni na yi musu falo. A mayanka aka yi wata guda ana cewa tsohuwar ta kayar da mai boko.

Bayan kwana uku Keke Napep ya tsaya a ƙofar shagona, da ta dama a naɗe cikin bargonta. Direban ya ce, "Wai a ce wa Inna ga ta nan, ta haɗa su. Ba a ce in karɓo komai ba." Na aika da kuɗinta, aka dawo mini da su. Na sake aikawa ta hannun uwarta, aka sake dawowa da su.

Na ce ai abu mai sauƙi ne, tuwita ce, a sake wata. Na kwance ta na kai wa Emeka. Ya juya ta a hannu ya ce, "Mama, masu yin wannan sun daina tun ban yi gemu ba. Sai dai in wata ta mutu a can a kawo gawarta." Shekara shida ke nan. Duk kwantenar da aka buɗe ina wurin, da matacciyar tuwita a ƙulle a bakin zanena. Na gwada guda bakwai. Wata ta yi tsini da yawa, wata ta yi laushi, wata sai ka ce ana soya gyaɗa. Ta bakwai ɗin tana ciki yanzu, kuma duk wanda ya shigo shagon nan na kunna masa cewa yake bai taɓa jin sauti irin wannan ba. Mutum uku sun ajiye kuɗi. Ban sayar ba. Ban taɓa sayar da haɗin da na san bai yi daidai ba, ba kuma zan fara da wannan ba.

Rabi kuwa tana can Iyana Ipaja da shago mai ƙofar gilashi da na'urar sanyi, da yara uku masu riga iri ɗaya. Yanzu har daga Ikeja ake zuwa wurinta. An ce mini duk injin da aka kawo mata, kafin ta karanta komai sai ta ɗaga shi, ta karkata shi wajen haske ta leƙa ciki, masu saye suna ta mamakin wannan hikima ta Injiniya. Ba na jin tana gaya musu inda ta samo. In mun haɗu a wurin suna tana durƙusawa har ƙasa ta gaishe ni, ta tambayi ƙafata, in tambayi yara. Ba ta sake ce mini in ɗaga mata komai ba.

Ku da kuke cewa sana'ar nan danna waya ce, ku zo da rana in babu ciniki, zan zaunar da ku a tsakiya in sa muku memorin. Za ku ji ganga, za ku ji kalangu, za ku ce biyun nan ai ɗaya suke. Ni in an zo wurin fito da amarya nakan tashi in koma kusa da ta hagu. Ta can ne kawai ake jin inda numfashinta ya karye.